Shagon Ƙofar Gida

A gidanmu, kamar yawancin tsofaffin gidajen cikin birnin Kano, akwai wani ɗaki a jikin soro wanda ƙofarsa ke kallon lungu. Shago muke ce masa, ko da yake ba a taɓa sayar da ko ashana a cikinsa ba. Nan ake mayar da yaro idan muryarsa ta fara buɗewa, ya wuce kwana a ɗakin uwarsa amma bai kai a yanka masa waje a cikin gida ba. Asalinsa masauki ne na ɗan lokaci. Mahaifinmu shekara 4 ya yi a cikinsa, ya fita da aikin koyarwa da sabon keke da amarya. Ni shekara 15 na yi. Ƙanena, wanda na bar wa katifata da fanka, ya shiga ta 14, kuma har yau babu mai iya cewa ga ranar fitarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga zaman shago shi ne kwano. Kullum bayan magariba za a turo yaro daga cikin gida da kwanon samira a rufe, tuwo a ƙasa, miya a ƙaramin kwano a bisa murfi. Kana ɗan shekara 16 murna kake yi, an fara ba ka naka kwanon kamar babba. Kana 22 ba ka jin komai, ai ɗalibi ne kai. Amma ranar da ka kai 29, takardar digirinka na cikin leda a ƙarƙashin katifa, kuma yaron da ya kawo kwanon ɗan ƙanwarka ce, wadda kai ka riƙa raka ta makarantar allo, ya durƙusa ya ce, "Kawu, ga tuwonka," to daga ranar tuwon nan sai ya riƙa tsaya maka a maƙoshi. Babu wanda ya yi maka gori. Hajiya ma da ta ga ka rage ci sai ta fara ƙara maka man shanu. Kai ne dai ka san abin da ke cinka.

Mutane suna da suna ga wannan zama: zaman kashe wando. Wasu su ce cima-zaune. Na sha jin dattijai a bakin masallaci suna cewa yaran yanzu zuciyarsu ce ta mutu, ba sa son wahala, waya kawai suka iya. Ni da na zauna a shagon, kuma nake kallon wanda ke cikinsa yanzu, ban yarda da wannan hukunci ba. Mun bar wa yaran nan ma'aunin girma na iyayenmu, wato aiki da aure da muhalli, alhali matakalar da iyayen namu suka taka ta karye tun tuni. Muna tsaye a sama muna yi musu faɗan sun ƙi hawowa.

A dubi yadda mahaifinmu ya fita daga shagon. Ya gama kwalejin horon malamai daidai lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ana neman malamai ruwa a jallo. Yakan ba mu labari yana dariya cewa tun kafin sakamakon jarrabawarsu ya fito aka tura shi makarantar da zai koyar. Abokansa da ba su yi nisa a boko ba suka bazu a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, wasu suka nufi Kakuri a Kaduna inda masaƙu ke aiki dare da rana tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957. Mutum yana da shekara 22 yana da albashi, yana da mata, ana kiransa maigida. Yakubu Gowon, wanda ya kafa shirin bautar ƙasa a 1973, yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa. Maitama Sule bai wuce 30 ba aka ba shi minista. Yau ɗan shekara 31 in ya buɗe baki a taron dangi sai a ce yaro ya yi shiru manya na magana, kuma dalili ɗaya ne, ba shi da mata ba shi da abin miƙawa.

Masaƙun Kakuri yanzu kufai ne, UNTL da ta fi su girma ta rufe ƙofa a 2007. Wanda ya zaga Sharaɗa ya san gine-gine nawa ne suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Gwamnati kuwa, wadda a da take bin ɗalibai har makaranta, yanzu sai a yi shekaru ba ta ɗauki ma'aikata a fili ba. Duk da haka, nasihar da ake yi wa yaro a gida ba ta sauya ko harafi ɗaya ba: ka yi karatu, ka samu aiki, ka yi aure.

Ƙanena ya bi nasihar nan sau da ƙafa, shi ya sa nake son a lissafa shekarunsa tare da ni. Ya gama sakandare a 2015 yana da shekara 18. Sau 3 ya zauna jarrabawar shiga jami'a kafin ya samu gurbi a 2018, ba ma a fannin da ya nema ba. Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati a wannan shekara ya san abin da ya biyo baya. Malaman jami'o'i sun tafi yajin aiki daga Nuwamban 2018 zuwa Fabrairun 2019. A 2020 annobar korona ta haɗu da wani yajin aikin da ya ɗauki kusan wata 9. A 2022 aka sake rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Karatun shekara 4 ya zama na 6. Ya tafi bautar ƙasa a ƙarshen 2024, ya dawo a ƙarshen 2025 yana da shekara 28. A duk tsawon lokacin nan bai faɗi jarrabawa ko ɗaya ba, bai maimaita aji ba.

Sai ya fara duba tallace-tallacen neman ma'aikata, ya tarar da sharaɗin da kowane mai neman aiki a ƙasar nan ya haddace: kada shekarunka su wuce 26, wasu wuraren 27. Wani wajen kuma a ce sai mai gogewar shekara 3 ko 5. Ashe tun kafin ya gama jami'a ya riga ya tsufa da aikin da yake karatu domin ya samu. Daga nan ne za ka ga yaro mai salla biyar a jam'i ya nufi kotu ya rantse cewa an haife shi shekara 3 bayan ainihin haihuwarsa. Kowa ya sani, kowa ya kawar da kai. Ƙarya ta farko da ɗan Najeriya mai digiri ke yi a rayuwarsa ta aiki, mu muka wajabta masa ita.

Shekarar bautar ƙasa tana da wata irin yaudara da ba a cika magana a kanta ba. Ita ce shekarar farko da matashi ke jin ƙarar shigar kuɗi a wayarsa duk ƙarshen wata. A zamaninmu naira 19,800 ce. Ƙanena ya fara da 33,000, wadda a lokacin ko rabin buhun shinkafa ba ta saye, sannan a watan Maris na 2025 aka fara biyansu 77,000. Ya yi wa Hajiya atamfa da sallah, ya biya wa ɗan yayanmu kuɗin makaranta na zango ɗaya, murya ta fara fita. Wata 12 suna cika aka ba shi takarda, alawus ya tsaya cak. Ya dawo da jakarsa da kakinsa a ninke, ya tarar da shagon yadda ya bar shi, sai ƙura. Aikin farko da ya samu a wata makarantar kuɗi ne a bayan unguwarmu: darussa 3, azuzuwa 6, naira 30,000 a wata, ita ma sai iyayen yara sun biya. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Da ya cire kuɗin mota sai ya ga shi ke biyan makarantar.

A takarda kuwa yana cikin masu aiki. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni ta koma irin wanda ƙungiyar ƙwadago ta duniya ke amfani da shi, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ake lissafa shi cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. Ba na zargin masu lissafi da ƙarya, sun faɗi ma'auninsu a fili. Amma da wannan ma'auni, abokin ƙanena mai digirin injiniya da ke tsare wa wani na'urar POS a bakin titi yana da aiki. Mai tallan data a WhatsApp ma yana da aiki. Matsalarmu a Arewa ba ta taɓa zama rashin motsi ba. Kowa yana buga-buga. Buga-bugar ce ba ta kama hayar ɗaki.

Wanda ke ganin yaran nan ba sa son aiki, ya tuna ranar 15 ga Maris 2014. Hukumar shige da fice ta tallata guraben da ba su kai 5,000 ba, dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowannensu, aka tara su a filayen wasa na manyan birane rana ɗaya. Aka yi turmutsitsi, mutane suka mutu a Abuja da wasu garuruwan, da takardunsu a hannu. Malalaci ba ya kwana a ƙofar filin wasa. Daga baya abin ya koma ƙarƙashin ƙasa. A 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ya zauna kan zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji abin da duk majalisar mai shayi ta daɗe da sani: ofa, wato takardar ɗaukar aiki, tana da farashi, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Na san gidan da aka sayar da fili don saya wa ɗa aiki, aka wayi gari babu filin babu aikin, dillalin ya kashe waya.

Amma ba talaucin ne ya fi ciwo ba, don talauci gidan kowa ya shiga tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Tambaya ce ta fi ciwo. "Malam, ina ake yanzu?" A wajen ɗaurin aure za a yi maka ita, a wajen suna, a zaman makoki, a bakin wanda ya san amsar sarai. Kai kuma ka ce, "Wallahi Baffa ana nan ana lallaɓawa." Ya ce, "To, Allah ya kawo mafita. Yaushe za mu sha biki? Sa'anka wane har ya aje biyu." Ka yi murmushi ka sunkuyar da kai. Akwai shekarar da na daina sallar Juma'a a masallacin unguwarmu, nake takawa da ƙafa zuwa wani mai nisa inda ba a san ni ba, don kawai in tsira daga gaishe-gaishen bayan salla. Ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba sai yau. Ranar sallah kuwa, da ƙannai za su zo karɓar barka da sallah, nakan rufe shagon ta waje da kwaɗo in shiga ta taga in kwanta.

A irin wannan hali ne matashi ke kama duk igiyar da aka miƙo masa. A 2016 MMM ce, tsarin nan na zuba kuɗi a ninka maka da ya rushe da kuɗin mutane. A 2024 duk majalisar da ka leƙa za ka ga kawuna a sunkuye, ana ta danna waya da yatsu biyu, wai ana haƙar kirifto. Dattijai suka yi ta dariya, ni ma na taya su kaɗan. Da ranar rabon Hamster Kombat, ɗaya daga cikin wasannin dannawar, ta zo a ƙarshen Satumban shekarar, da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Daga baya na daina dariyar. Mutumin da zai tashi ƙarfe 3 na dare wata da watanni yana danna gilashi don ya samu jari, da an nuna masa ƙofa ta gaske da gudu zai shiga. Wasu kuma igiyar da suka kama ta ƙwaya ce, don dare ya yi saurin wucewa. Muna da suna ga ɗan ƙwaya, amma damuwar da ta kai shi can sai mu ce rashin tawakkali ne, mu wuce.

Sai aure, wanda shi ne ainihin ƙofar fita daga shago a wajenmu. Bahaushe bai san wani matsayi tsakanin yaro da magidanci ba, in ban da tuzuru, shi kuwa zagi ne. Addini ya sauƙaƙa abin iyakar sauƙi, a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ya isa sadaki. Mu ne muka jibga masa kaya. Kuɗin na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwar iyaye, kayan sa rana, sannan lefe, akwati saiti guda ko biyu, a buɗe a tsakar gida mata su ƙirga atamfofi da lesuka ɗaya bayan ɗaya, a ɗauka a waya a tura wa dangin da ba su zo ba. Bayan haka kamu da dina da walima, da hayar gida ta shekara guda a dunƙule, kuma gidan ya zama mai falo da ɗaki biyu don kayan amarya su shiga. Iyayen yarinya ma ba su tsira ba, kayan ɗaki da gara suna can suna jiransu, uba ya ci bashin da zai shekara 3 yana biya. Kowa yana kuka da wannan al'ada, kowa kuma in abin ya zo kan 'yarsa sai ya ce kada a raina mu.

Gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a watan Oktoban 2023, da gado da katifa da sadaki, kamar yadda aka fara tun 2012 ta hannun Hisba. Ban raina ba, gidaje sun ginu ta nan. Amma ya kamata abin ya ba mu kunya kaɗan. Auren da kakanninmu ke ɗaurawa da goro da tabarma ya kai matsayin da sai gwamnati ta sa shi a kasafin kuɗi.

'Yan mata nasu shagon a cikin gida yake, kuma ya fi namu ƙunci, don mu ko ba komai muna da majalisa. Ina da 'yar kawu, ta gama digiri, ta yi bautar ƙasa, shekararta 27. Tana sayar da turaren wuta da humra ta waya, ita ke sayen sabulunta, wani lokacin har ta taimaka da cefane. Akwai wanda ke sonta shekara 4, malami ne a makarantar kuɗi irin ta ƙanena, kullum maganarsa yana nan yana haɗa kai. A gida kuwa an fara jifanta da kalmar nan mai ɗaci, kwantai, kamar tumatirin da ya kwana a kasuwa. An ce ta yi karatu, ta yi. Yanzu ana cewa karatun ne ya kore mata maza. Kwanaki wani mai shekarun babanta ya aiko, da mata 2 a gida, gwaggonninta suka ce ta rufa wa kanta asiri. Ban san me za ta zaɓa ba, kuma ba ni da bakin ba ta shawara, don ba ni ake nunawa da baki a gidan biki ba.

Kada a ce na wanke matasa tas. Akwai girman kai a cikinmu, na ɗanɗana nawa. Shekara 2 cur na ƙi zuwa shagon wani ɗan'uwan mahaifinmu a Kantin Kwari, wai ni da digirina ba zan ɗauki dila a ka ba. Yaron da ya karɓi gurbin da na raina, wanda iyakarsa aji 3 na sakandare, yanzu shi ke aika kaya Yamai da Njamena. Akwai kuma masu kwana a waya su tashi azahar, su ci kwanon, su fito majalisa musun ƙwallon Turai. Amma wa ya koya mana raina sana'a? A gida aka ce mana, "Ka yi karatu kada ka ƙare a gareji." A makaranta yaron da ya kasa lissafi shi ake wa ba'a da cewa kafinta zai zama. Shekara 20 ana nuna wa yaro cewa aikin hannu hukuncin daƙiƙai ne, rana ɗaya kuma a ce masa ya ajiye digiri ya kama sana'a, a yi mamakin ya yi nauyin ƙafa.

Ita kanta kasuwar, da ake ta tura mu cikinta, tana da nata ciwon da ba a son taɓawa. A Sabon Gari, idan ɗan kasuwa Ibo ya ɗauko yaro daga garinsu, da yarjejeniya yake ɗauko shi a gaban iyaye: shekara 5 ne ko 7, in ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Akwai masu saɓawa, amma kowa ya san ranar, kuma wanda ya saɓa sunansa ya ɓaci har ƙauyensu. Mu namu yaron shago ba shi da rana. Za ka ga mutum ya shekara 18 a gindin Alhaji, maƙullan sito a hannunsa, ya san kowane kwastoma, amma ba shi da albashi tsayayye sai abin da aka ga dama, in zai yi aure Alhaji ya yi masa, in matarsa ta haihu Alhaji ya sayi rago. Ana kiran wannan kyautatawa, kuma wani lokacin ita ce. Sai dai ranar da Alhaji ya kwanta dama, 'ya'yansa su karɓi maƙullai, mutum ya fito da furfura ba shi da ko tebur. Akwai iyayen gida na kirki da suka yaye yara da dama, a Kwari da Singa da Dawanau an san su ana kuma yi musu addu'a. Abin da ya rage shi ne ya tashi daga halin kirkin mutum ɗaya ya zama ƙa'idar kasuwa: a rubuta shekaru, a rubuta abin sallama, shugabannin kasuwa su sa hannu. Wannan ba ya buƙatar Abuja. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke iya rufe kasuwa sukutum ranar zaɓensu za su iya shi in sun so.

Haka zancen lefe. Limamai sun yi wa'azi har muryarsu ta dushe, wasu garuruwa da masarautu sun sha kafa dokar taƙaita kayan aure, dokar ta mutu a bakin ƙofar gidan mai kuɗi na farko da ya tashi aurar da 'yarsa. Talaka ba zai fara ba, don in ya rage za a ce babu ce. Sai ranar da masu hali suka aurar da 'ya'yansu da akwati ɗaya, suka bari aka gani, sannan abin zai zama ado. Ga gwamnati kuwa buƙatuna a wannan fanni ba su da yawa. A hana sharaɗin shekaru a aikin farko, ko a ɗaga shi ya dace da ainihin lokacin da ɗan talaka ke gama jami'a. A ba da wuta, don tela da mai walda da mai gyaran waya su daina zuba ribarsu a tankin janareta.

Ina sane da cewa duk wannan kukan masu takarda ne, kuma mu ne 'yan tsiraru. Mafi yawan samarin Arewa ba su ga ƙofar jami'a ba. Nasu shagon rumfa ce a Legas ko Fatakwal ko gefen Abuja, mutum 8 a ɗaki ɗaya, ana tura baro, ana yankan farce, ana gadi, ana acaɓa a inda ba a hana ba tukuna. A da ci-rani na rani ne kawai, damina ta faɗi a koma gona. Yanzu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato gonar ce ba ta shiguwa, sai ci-rani ya zama zama. Wasu su miƙa ta Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. Abin mamaki, da yawansu sun riga mu aure, don a ƙauye ba a ƙirga akwati kamar birni. Amma aure ne na waya, mata a gida, miji a kudu, a ga juna sau 2 a shekara. Su ba mai tambayarsu ina ake yanzu. An san inda suke, ba a dai san ranar dawowarsu ba.

Ƙanena ya bar makarantar bayan zango 2. Wani abokinsa da ke haɗa wutar sola ya ce ya zo ya riƙa riƙe masa tsani. Da ya gaya wa mahaifinmu, tsohon ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Duk karatun nan?" Bai hana shi ba dai. Yanzu watansa 5 yana hawa rufin mutane, hannunsa duk ya yi kanta, ya iya lissafin batir da faranti, har an fara kiransa shi kaɗai in aikin ƙarami ne. Na ce masa tun yanzu ya zauna da abokin nasa su yanke rana da rabo, kada kunya ta hana shi. Ya ce zai yi, ban ga alama ba tukuna.

Ranar wata Alhamis ya shiga cikin gida ya ajiye wa Hajiya naira 10,000 a kan tabarma, ya ce a ƙara a cefane. Ta ce, "Ɗauke abinka, Auta, kai da ke tari." Ya ƙi. Ta ɗauka ta ƙulle a bakin mayafi tana ta sa masa albarka har ya fice don kada a ga idonsa. Da daddare na leƙa shagon na same shi ya cinye tuwon tas, har yana suɗe kwano.

Yarinyar da yake nema an ba shi zuwa bayan babbar sallah ya turo magabata, in ba haka ba akwai wani. Ɗan yayanmu kuwa ya cika 15, muryarsa ta fara buɗewa, uwarsa ta ce ya yi girma da ɗakinta. Makon jiya aka shigar da ƙaramar katifa shagon, aka shimfiɗa ta a gefen ta ƙanena, kusa da ƙofa.